Kainuwa da Bado Za Su Iya Tona Asirin Ɓurɓushin Nukiliya a Ruwa? Amsa ga Ɗalibi daga Dadin Kowa

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibin fiziks ɗan ajin ƙarshe, wanda mahaifinsa masunci ne a Dadin Kowa, jihar Gombe. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Malam, ina gaisuwa. Na ji a rediyo cewa tun da Japan ta fara sakin ruwan tashar Fukushima cikin teku, masana ke ɗibar ciyawar teku suna aunawa. Me ya sa ake auna ciyawa alhali ga ruwan nan? Kuma mu da ba mu da teku, zan iya yin aikin kammala karatuna da kainuwa ko badon dam ɗinmu?"

Ɗana, ina amsawa, Allah Ya yi maka albarka. Za ka iya, kuma ina so ka yi. Sai dai abin da ciyawar teku ke faɗa wa mutanen Japan daban, abin da kainuwar Dadin Kowa za ta faɗa maka daban, don haka bari mu fara daga bakin teku kafin mu dawo gida.

Ruwa baƙo ne. Wanda ka ɗiba da hantsi ba shi ne a wurin da la'asar ba, balle a gaɓar teku inda ruwa ke cika yana janyewa a kowace rana. In wata masana'anta ta saki gurɓataccen ruwa da tsakar dare, kai kuma ka zo da jarkarka bayan kwana 3, abin ya riga ya yi gaba. Ciyawar da ta liƙe a jikin dutse kuwa kamar dattijon da ke zaune a zaure ce, duk wanda ya wuce ta ƙofar gida ya gan shi. Tana nan mako da makonni ruwan na wanke ta, tana tsotsar abin da ke cikinsa tana ajiyewa.

Sannan ga ƙanƙantar abin da ake nema. Muna auna ɓurɓushin nukiliya da bekarel, wato fashewar ƙwayar zarra 1 a kowace daƙiƙa. Sinadarin siziyom-137 da ya rage a tekunan duniya daga gwaje-gwajen bama-bamai na shekarun 1950 da 1960 bai wuce bekarel 1 zuwa 2 a cikin lita 1,000 ba. Kafin na'ura ta gan shi sai an kwashi ruwa jarka-jarka, an bi shi da sinadarai an tattaro abin wuri guda. Ciyawa ta riga ta yi maka wannan wahalar, kamar yadda mai koko ke tace ƙullu, ruwa ya wuce, dusa ta tsaya a kan mataci.

Dalilin da ya sa take tarawa kuwa kamanni ne ke ruɗin ta. Tsiro na buƙatar fotasiyom, siziyom kuma ya yi kama da shi a halayya, sai ta haɗiye su tare. Haka sitironshiyom da radiyom ke shiga ta ƙofar da aka buɗe wa kalsiyom. Aidin kuwa, wannan da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo, ciyawar teku mai ruwan ƙasa tana matuƙar son sa, kuma ba ta bambance mai lafiya da mai radiyeshon. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta fitar da alƙaluman da ake aiki da su wajen lissafi: kilo 1 na ɗanyar ciyawar teku kan riƙe aidin kimanin ninki 10,000 na abin da ke cikin lita 1 ta ruwan da ke kewaye da ita, teknishiyom ninki 30,000, radiyom ninki 100, siziyom kuwa ninki 50 kacal. Ka riƙe tazarar da ke tsakanin 30,000 da 50, domin a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Suna ɗauka kowace ciyawa tana kama kowace guba daidai wa daida.

Labarin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne na Sellafield, masana'antar sarrafa tsohon makamashin nukiliya da ke gaɓar arewa maso yammacin Ingila, wadda a da ake kira Windscale. A shekarun 1950 da 1960 mata na tsintar wata ciyawar teku mai suna Porphyra a gaɓar yankin, ana loda ta a jirgin ƙasa zuwa kudancin Wales, inda ake dafa ta ana ci, abincin gargajiya ne a wurinsu. Da masana suka bi diddigi, sai suka gano ciyawar na tara rutiniyom-106 daga ruwan masana'antar. Ma'ana, waɗanda abin ya fi isa jikinsu ba maƙwabtan masana'antar ba ne, mutane ne da ke can nesa, waɗanda wataƙila ba su taɓa ganin katangarta ba. Da lissafin cin abincin waɗannan mutanen aka riƙa ƙayyade yawan abin da za a saki. Tun daga lokacin duk mai wannan sana'a ya koyi cewa bayan ya tambayi nawa ne a cikin ciyawa, dole ya tambayi wa ke cin ta, nawa yake ci, sau nawa a mako.

A 1994 kuma wannan masana'anta ta buɗe sabon sashen tace tsohon ruwan da ta daɗe tana ajiya. Sashen na cire sinadarai da dama, amma ba ya kama teknishiyom-99, wanda sai bayan shekara 211,000 rabinsa ke ƙarewa. Cikin shekara 3 masana a Nowe suka ga sinadarin ya hau a ciyawar Fucus da ke gaɓarsu, bayan igiyar ruwa ta zagayo da shi ta arewacin Sikotilan. Adadin bai kai na cutar da mai ci ba, amma ya isa hujja. Nowe da Ayalan suka matsa lamba, kuma a 2004 aka kawo sabuwar hanyar kama shi kafin a saki ruwan. Abin da ya ba Nowe bakin magana shi ne tana da awon shekarun baya. Da ba ta san yadda ciyawarta take kafin 1994 ba, da me za ta kwatanta ta ce ya ƙaru?

Na Fukushima da ka ji a rediyo kashi biyu ne. Bayan girgizar ƙasa da igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011 sun lalata tashar nukiliyar, iska ta kwashi aidin-131 ta tsallaka tekun Fasifik, ruwan sama ya sauke shi a gaɓar Kalifoniya, kuma cikin wata guda aka gan shi a doguwar ciyawar tekun wurin. Da yake rabin aidin-131 na ƙarewa duk bayan kwana 8, ba a daɗe ba ya ɓace. A 2014 masanan suka sake zagayawa da ɗibar ciyawa a gaɓar yammacin Amurka suna neman siziyom-134, wanda shi ne shaidar Fukushima domin rabinsa na ƙarewa cikin shekara 2, na tsoffin bama-bamai ya daɗe da mutuwa. Ba su same shi a ciyawar ba, ko da yake masu tace ruwa da yawa sun ga ɗan alamarsa a tekun. Ka tuna ninki 50 ɗin nan na siziyom: ciyawa ba ta tara shi da yawa.

Kashi na biyu shi ne ruwan da aka fara saki a 24 ga Agusta 2023. Babban abin da ya rage a cikinsa bayan tacewa shi ne tiritiyom, wanda wani nau'in haidurojin ne, wato ya zama ɓangaren ruwan kansa. Ciyawa ba ta tara shi, abin da ke jikinta daidai yake da na ruwan. Don haka ga tiritiyom ruwan ake aunawa kai tsaye, ciyawar kuma ana duba ta ne musamman don irin su aidin-129 da ka iya tsallake matata.

A gaɓar Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, aikin na da wuya ta wata fuskar. Gaɓar tamu yashi ce da taɓo da dazukan bakin ruwa, duwatsun da ciyawa za ta kama kaɗan ne, sai irin waɗanda aka jibge a mashigar tashar jiragen ruwan Legas. Akwai ciyawar Sargassum da tun 2011 teku ke amayarwa tuli-tuli a gaɓar Afirka ta Yamma, amma ita 'yar yawo ce, daga tsakiyar Atlantika take tasowa, abin da ke jikinta ba labarin gaɓarmu ba ne. Kuma ba mu da tashar lantarki ta nukiliya; a duk Afirka Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, Masar na gina tata. Abin da ya fi shafar gaɓarmu shi ne radiyom da ke fitowa tare da ruwan gishirin rijiyoyin mai, da kuma irin abin da ya faru a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, lokacin da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya.

To, mu dawo Dadin Kowa. Kada ka tafi neman Fukushima a dam ɗinku, ba za ka same ta ba. Tambayar da ta dace da mu ita ce ta sinadaran da Allah Ya halitta a cikin duwatsu, yuraniyom da toriyom da 'ya'yansu irin su radiyom, waɗanda ɗan Adam ke tonowa ya tara wuri guda. Kogin Gongola daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa jihar Bauchi, ya karya kwana ta wajen Nafada, sannan ya shiga dam ɗin da aka kammala a 1984. Filato kuwa an shafe shekaru fiye da 100 ana haƙar kuza, kuma sanannen abu ne cewa ragowar yashin wankin kuza na ɗauke da ma'adinin monazait mai toriyom. Ana irin wannan haƙar a ƙasar Toro ma. Ƙara da takin zamani mai fosfet da masu noman rani ke zubawa, wanda asalin dutsensa na da ɗan yuraniyom. Ƙara da rijiyoyin man Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, da aka ƙaddamar a Nuwamba 2022. Ban ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ya gurɓata ruwanku ba, kuma kai ma kada ka rubuta haka sai da awo. Abin da nake cewa shi ne duk inda ake haƙar mai ana samun ruwan da ke zuwa da radiyom, kuma lokacin da ya fi dacewa a auna rafukan yanki shi ne kafin aiki ya kankama. Wannan ne ke hana ni sakewa. In ba mu auna yau ba, nan da shekara 20 za a yi ta gardama tsakanin masu cewa an lalata ruwa da masu cewa dama can haka yake, kuma babu mai takardar da za ta raba su.

Akwai abin da ruwan daɗi ya fi teku. Teku cike yake da fotasiyom da kalsiyom, su ne ke cika ƙofar tsiro su hana siziyom da radiyom shiga. A ruwan kogi waɗannan gishirin kaɗan ne, don haka tsiro da kifi kan tara fiye da takwarorinsu na teku. Wannan na nufin alƙaluman da na ba ka a sama na teku ne, kada ka ɗora su a kan kainuwa. Kai za ka nemo naka ta hanyar auna ruwa da tsiro daga wuri guda a rana guda.

Wane tsiro? Kainuwa dashen Allah, saiwarta a ruwa take lilo ba ta taɓa ƙasa, don haka labarin ruwa take bayarwa. Bado da kachala da burugu saiwarsu a taɓo take, labarin taɓo suke bayarwa, kuma taɓon dam shi ne rumbun da duk abin da kogi ya kwaso shekara da shekaru ke kwanciya. In ka haɗa su a buhu ɗaya ka niƙa, ka haɗa shaidu biyu masu magana kan abu biyu. Aibin kainuwa irin na Sargassum ne, iska na kaɗa ta, wadda ka gani yau a mashayar shanu jiya tana wani lungun. Maganinsa na hannun mahaifinka. Ka ɗebo kainuwa daga tafki guda mai tsabta, ka auna wani kaso ka ajiye lambarsa, sauran ka raba su cikin gura ko kewayen raga da aka ɗaure da turke a wuraren da ka zaɓa, ka bar su mako 4 zuwa 6. Masana a ƙasashen waje na yin haka da ciyawar teku a inda ba ta fitowa da kanta. Ni da zan zaɓa maka, wuri 3 sun isa ga aikin digirin farko: inda kogi ke shigowa dam, kusa da bangon dam, da magudanar da ke dawo da ruwa daga gonakin rani. Ka yi sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan ruwa ya sauka sosai, domin da damina kogi na zuwa da laka mai yawa.

Ina so ka ba bado muhimmanci saboda darasin matan Wales. Yara na cin 'ya'yansa da saiwarsa, burugu kuma ana yankar wa dabbobi, mu sha nononsu. Wannan ita ce hanyar da abu zai bi daga taɓo zuwa cikin mutum. Ka zauna da masunta da makiyaya ka tambaye su abin da ake ci da lokacin da ake ci. Wannan hirar rabin aikinka ce.

Wajen shirya samfur kuwa, a nan nake so ka natsu. Ka wanke tsiron da ruwan wurin har sai laka ta fita tas, ka raba ganye da saiwa. Na taɓa samun ɗalibin da ya zo mini da murna da fargaba a haɗe, wai ya gano toriyom mai yawa a saiwar kachala. Da muka duba garin da ya niƙa, sai ga yashi na ƙas-ƙas a tafin hannu. Ƙasa ya auna, ba tsiro ba, kuma dole ya koma ya sake ɗiba a wata daminar. Toriyom ba ya narkewa a ruwa sosai, tsiro ba ya shan sa da yawa, don haka in ka gan shi ya yi sama a samfurin ganye, fara zargin wankinka. Ka auna nauyin ɗanye, ka busar a tanda mai zafin da bai wuce digiri 105 ba har nauyin ya daina sauka, ka sake aunawa. Kainuwa kusan duk ruwa ce, buhu guda zai koma 'yan tafi, saboda haka ka ɗebo da yawa. Kuma duk lambar da za ka rubuta ka faɗi ko ta ɗanye ce ko ta busasshe, domin tazararsu kan kai ninki 10 ko fiye. Kada ka ƙone shi ya zama toka in kana neman aidin ko foloniyom, wuta na kore su.

Daga nan sai ka dake, ka cika robar awo, ka liƙe murfin yadda iska ba za ta fita ba, ka ajiye kwana 28 zuwa 30. Dalilin jiran shi ne radiyom-226 ba ya bayyana kansa sosai ga na'ura, ta 'ya'yansa ake gane shi. Ɗansa na fari iskar radon ce, mai rabin rayuwar kwana 3.8, wadda ke sulalewa in roba na yoyo. In an tsare ta wata guda, 'ya'yan sun taru sun daidaita da uban, sai a ƙirga su a san shi. Mai neman aidin-131 kuwa akasin haka yake yi, gudu yake da samfurinsa zuwa ɗakin awo, domin in ya jira wata guda abin da zai rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Samfur ɗaya ba zai yi maka aikin biyu ba.

Na'urar auna hasken gama, wato wani nau'in radiyeshon da ido ba ya gani, tana gane kowane sinadari ne da ƙarfin haskensa, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum. A ma'aunin ƙarfin hasken da ake kira keV, siziyom-137 na tsayawa a 662, aidin-131 a 364, bismut-214 na zuriyar radiyom a 609, fotasiyom-40 a 1461. Ana irin wannan awon a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ƙaramin injin nukiliyar bincike na ƙasar nan ke aiki tun 2004. Ka sa malamin da ke duba aikinka ya rubuta musu tun da wuri. Ka sani kuma cewa sitironshiyom-90 da teknishiyom-99 da foloniyom-210 ba sa fitowa a wannan na'urar, suna buƙatar aikin sinadarai mai tsada, ka bar su sai digiri na biyu.

Abin da zai fara tsorata ka a sakamakon shi ne fotasiyom-40. Zai yi tsiri sama da kowa, ɗaruruwan bekarel a kilo na busasshen ganye, wani lokaci ya haura 1,000. Kada gabanka ya faɗi. Yana cikin kowace ayaba, kowane wake, kowace lita ta ruwan teku na da kimanin bekarel 12 nasa, kai kanka kana yawo da kusan 4,000 a jikinka tun ba yau ba, kuma jiki na daidaita shi da kansa. In ka ga ɗan siziyom-137 a taɓo, shi ma tsohon baƙo ne daga gwaje-gwajen sararin sama, mafi yawansu na Amurka da Tarayyar Sobiyet. Faransa ma ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya a 13 ga Fabrairu 1960, kuma kan waɗannan gwaje-gwajen Najeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairu 1961. Rabin siziyom-137 na ƙarewa duk shekara 30, don haka abin da ya rage a yau bai kai rubu'in na wancan zamanin ba.

Ina roƙonka da girman Allah ka kiyaye harshenka a kan sakamakon. Kalmar nukiliya kaɗai ta isa ta karya kasuwar kifin Dadin Kowa cikin mako guda, mahaifinka da abokan sana'arsa su ne za su kwana da yunwa. Lamba a jikin kainuwa ba hukunci ba ce kan lafiyar mutum. Sai ka lissafa nawa ake ci a shekara, ka mayar da shi milisibat, wato ma'aunin radiyeshon da jiki ya samu, ka ajiye shi kusa da 2.4 da matsakaicin ɗan Adam ke samu a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Ga ruwan sha kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin tantancewa, bekarel 0.5 a lita ga nau'in radiyeshon da ake kira alfa, bekarel 1 ga wanda ake kira beta. Wuce su na nufin a zurfafa bincike. In ka ga abin da ya fita daga tsari, ka sake ɗiba ka sake aunawa, in ya maimaitu ka kai wa malaminka, shi kuma ya sanar da hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta ɗora wa alhakin kare jama'a daga radiyeshon. Kada Facebook ya riga su ji.

Mafi yiwuwa dai ba za ka ga komai ba sai na halitta, kuma kada ka ɗauka aikin ya tashi a banza. Ka rubuta ranar ɗiba, lambar wurin da wayarka ta nuna, tsayin ruwa, sunan tsiron na Hausa da na kimiyya, sannan ka ajiye rabin kowane busasshen samfur a kwalba mai murfi da takarda a jiki. Radiyom-226 sai bayan shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa, don haka wanda zai zo bayanka da na'urar da ta fi ta yau zai iya buɗe kwalbar ya sake aunawa. Kafin ka sayi ko da roba ɗaya, ka zauna da Baba ya zana maka a ƙasa inda bado ke fitowa kowace shekara ba fashi, da inda ruwa ke fara yin ja in damina ta faɗi. Ka turo mini hoton zanen mu zaɓi wuraren tare, kuma ka gaishe mini da shi.